Yadda za ka gane ko maganin kare fentin mota ya cancanci kuɗinka a Yamai

A Yamai yanzu, mai mota mai ɗan kyan gani ba ya rasa wanda zai yi masa tayin maganin kare fenti. Wani a wurin wanki zai ji, wani a bakin dillalin da ya sayar masa da motar, wani kuma a bidiyon da ke yawo a WhatsApp, inda ake watsa wa mota ruwan laka ya zube bai bar ko ɗigo ba. Sunan da ya fi tashe shi ne seramik. Ana cewa da an shafa shi rana ta daina cin fenti, ƙura ta daina zama, an yi sallama da karce, har shekara biyar.

Wani sashe na maganar gaskiya ne, wani kuma ƙarin gishirin ɗan kasuwa ne. Maganin yana aiki, wannan babu musu. Sai dai a ƙasa irin tamu abu uku ne ke yanke hukuncin ko kuɗinka zai yi maka rana: halin da fentin yake ciki yau, inda motar take yini, da hannun da ke wanke ta. Ga yadda za ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka zaro ko dala.

Mataki na 1: San abin da kake son karewa

Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne. A jikin ƙarfe akwai shafin hana tsatsa, sai shafin share fage, sai launin da ido ke gani, sannan a can sama wani shafi garai-garai marar launi, wanda masu fenti a nan ke kira berni. Shi ne mai ƙyallin, shi ne kuma ke tare hasken rana kada ya kai ga launi. Ana auna kaurin fenti da mikron, wato kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Duka hawan nan in an haɗa su sukan kama daga mikron 100 zuwa 150, bernin kaɗai kuwa 35 zuwa 50 ne, bai kai kaurin silin gashi ɗaya na yawancin mutane ba.

Duk maganin da za a yi maka talla, a kan wannan ɗan siririn bernin yake zama, shi yake karewa. In bernin na da rai, magani zai ƙara masa kwana. In ya riga ya mutu, babu kwalbar da za ta tashe shi.

Mataki na 2: Duba fentin motarka da idonka

Wannan matakin shi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali ba ya cin ko tamma. Ka sa a wanke motar tas, ta bushe a inuwa. Da magariba, ko cikin gareji mai duhu-duhu, ka haska fitilar wayarka a kan kapo, wato murfin inji, da rufin motar, da murfin baya. Waɗannan ukun su ke kallon sama, su rana ta fi duka, a nan lalacewa ke fara bayyana.

In ka ga siraran karce masu zagaye sun kewaye hasken fitilar, amma ƙyallin na nan, to bernin na da rai. Karcen wanki ne, guga da inji za ta iya kwantar da mafi yawansa. Ka gwada da farce: wanda farce ya wuce a kansa sumul mai sauƙi ne, wanda farce ya maƙale a ciki ya yi zurfi, guga ba za ta share shi ba.

In kuwa ka ga wurin ya yi fari-fari, ya dusashe, ko yana ɓarewa har gefensa na tashi in ka taɓa, to bernin ya ƙone. Ka tsaya nan. Wurin mai fenti za ka, duk wanda ya ce zai shafa maka seramik a kan wannan kuɗinka kawai yake so.

Sai gwajin farin tsumma, ko baƙi in motar fara ce. Ka ɗiga ɗan man folish a kai ka murza wani ɓoyayyen wuri, kamar cikin bakin ƙofa ko ƙasan murfin baya. In launin motar ya fito a tsumman, fentin ba shi da berni ke nan, launi da ƙyalli a haɗe suke. Ana yawan samun haka a tsofaffin motoci farare ko jajaye, da waɗanda aka sake wa fenti mai araha, irin tasi da yawa da ke yawo cikin gari. Irin wannan fentin kaki yake so a kai a kai, kashe masa kuɗin seramik ɓarna ce.

Ka tuna kuma yawancin motocinmu na hannu ne, sun yi shekaru a titunan Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar Kwatano ko ta Lome. Sau da yawa an taɓa ƙofa ɗaya ko gefe ɗaya kafin a sa ta a kasuwa. Ka naɗe ɗan maganaɗisu a tsumma mai laushi ka bi jikin ƙarfen a hankali. Inda ya ƙi kamawa sosai, mai yiwuwa akwai mastik a ƙasa, wato ƙullin da masu gyara ke cike wurin da ya lotsa da shi. Ka dubi launin ƙofofi daga gefe, ka ga ko ɗaya ta bambanta da ƴan uwanta. Sanin wannan na da amfani, domin fentin da aka sake ba ya jure gugar inji kamar na kamfani, kuma sabon fenti yana buƙatar wata ɗaya zuwa uku yana fitar da sinadaran da ke cikinsa kafin a rufe shi da kowane irin magani. Ka tambayi wanda ya yi maka fentin, shi ya san irin wanda ya fesa.

Mataki na 3: Rarrabe magungunan

Masu talla sukan cakuɗa sunayen, har mutum ya biya kuɗin wannan a shafa masa wancan. Iri huɗu ne.

Na farko kaki ne, tsohon yayi. Mai kyansa ana haɗa shi da kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Yana ba da ƙyalli mai zurfi, ba shi da tsada, kowa zai iya shafawa. Matsalarsa zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai kan wuce digiri 40 a inuwa, jikin baƙar motar da ta yini a rana kan kai digiri 70 ko fiye. Kakin da zai yi wata biyu ko uku a Faransa, a nan makonni kaɗan zai yi.

Na biyu kakin roba ne, wanda aka haɗa a masana'anta. A jikin kwalbarsa za ka ga an rubuta sealant ko cire synthétique. Ya fi na farko jure zafi da sabulu, yakan yi wata huɗu zuwa shida, amma a bazararmu ka yi lissafi da ƙaramar lambar. Shafa shi bai fi na kaki wuya ba. A ganina wannan shi ne ya dace da mafi yawan motocin Yamai, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa, domin ribarsa ga mai wurin wanki ba ta taka kara ta karya ba.

Na uku shi ne seramik. Ruwa ne a ƴar ƙaramar kwalba mai mililita 30 ko 50, mai ɗauke da sinadarin silika. In an shafa, yana haɗuwa da danshin iska ya daskare, ya manne wa berni gam. Kaurinsa mikron 1 zuwa 2 ne kacal. Zafi ba ya narkar da shi, sabulu ba ya wanke shi da sauƙi, datti ba ya kama shi sosai. In an yi aikin da kyau kuma ana kula, yakan yi shekara biyu zuwa uku. Ka yi hattara da wani na feshi mai zuwa a babbar kwalba, shi ma an rubuta masa seramik. Wannan ɗan uwan kakin roba ne da aka ƙara wa silika kaɗan, watanni yake yi. Ba shi da aibu in an sayar maka da shi a kuɗinsa, amma a nan ne aka fi cutar mutane.

Na huɗu ledar kariya ce, garai-garai, wadda ake liƙawa a jikin fenti. Kaurinta mikron 150 zuwa 200, wato ta fi fentin kansa kauri. Asalinta daga aikin soja ne: kamfanin 3M ya ƙera irinta don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka daga yashi da tsakuwa. Ita kaɗai ce cikin huɗun ke tare dutse. Ita ce kuma mafi tsada, mai arahar cikinta kuwa rana kan mayar da ita rawaya.

Mataki na 4: Gano abin da ke cin fentinka

Kowace mota da nata maƙiyin. Wadda ke yini a filin ma'aikata a unguwar Plateau ba inuwa, rana ce ke cin ta. Wadda ke kwana ƙarƙashin dogon yaro, kashin tsuntsaye da na jemage da ɗigon bishiya ne. Wadda ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Tawa, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 500, tsakuwar da manyan motoci ke watsowa ce, da ƙwarin dare da ke fashewa a gabanta lokacin damina da kaka.

A kan kashin tsuntsu da na jemage da ƙwari, seramik da kakin roba suna da amfani na gaske. Waɗannan abubuwa suna da tsami mai cin berni, zafin rana kuma yana gaggauta aikinsu. Wanda ya taɓa barin kashin jemage ya yini biyu a kan kapo ya san zoben da yake bari, wanda ko an wanke yana nan daram. Magani yana ba ka lokaci ka goge kafin ya ci ciki, kuma gogewar na zuwa da sauƙi.

A kan rana, taimakon magani kaɗan ne. Bernin kansa shi ke ɗauke da sinadaran tare hasken da ke ƙona launi, shafin mikron 1 ba zai maye gurbin inuwa ba. Rumfar kwano, ko ma ta zana, ta fi kowace kwalba aiki a nan.

A kan yashi kuwa, nan ne nake son mai karatu ya buɗe kunne. Za ka ga an rubuta 9H a jikin kwalin seramik, mai talla ya ce maka ya kusa lu'ulu'u tauri. Wannan lambar ta ma'aunin fensir ce: ana nufin fensir mafi tauri bai karce shafin ba a wurin gwaji. Ƙurar hunturu da jar ƙasar da iskar farkon damina ke kwasowa suna ɗauke da ƙwayoyin yashi masu taurin da ke karce gilashi kansa. Dubi gilashin gaban motar da ta daɗe tana bin hanyar Agadas in rana ta haske shi, za ka ga shaida. Abin da ya ci gilashi ba zai ji tsoron shafin mikron 1 ba. Maganin nan kamar man kaɗanya ne a ƙafa lokacin ɗari: yana hana kaushi da faso, amma ba ya hana ƙaya shiga.

Kuma yashin nan ba shi kaɗai yake karce mota ba, hannu ne ke taya shi. Ka tsaya bakin kowace ma'aikata da hantsi ka kalla. Yaro zai zaro busasshen tsumma daga aljihu, ya kaɗe shi sau biyu a gwiwa, ya hau murza ƙurar da ke kan kapo yana zagayawa da hannu. Tsumman zai faɗi ƙasa, ya ɗauka ya ci gaba. In da ruwa ma, bokiti ɗaya ne, da shi aka wanke taya, da shi za a wanke ƙofa, an zuba masa garin omo har kumfa na zuba. Yaron ba mugunta yake yi ba, neman halalinsa yake, kuma haka ya ga ana yi. Amma waɗancan siraran karcen da ka gani da fitilar waya, daga nan suka fito. In ba za ka iya canza wannan ba, kada ka sayi seramik, domin cikin wata shida zai yi karce kamar yadda bernin ya yi.

Saura ruwa. Ruwan foraj da na rijiya a wurare da yawa yana da gishirin ƙasa a narke. In ya bushe a jikin mota cikin rana sai ya bar fararen ɗige-ɗige. Motar da aka yi wa seramik ta fi saurin nuna wannan, domin ruwa a kanta dunƙulewa yake yi, kowane ɗigo ya bushe a inda yake.

Mataki na 5: Yi lissafi da wata, kada ka yi da jimla

Ka karɓi farashi daga wuri biyu ko uku, sannan ka raba kowanne da yawan watannin da maganin zai yi a zahiri. Ga misali, sai ka sa naka lambobin a gurbinsu. A ce an nemi jika 150 a kan seramik, ka ba shi shekara biyu. Wata 24 ke nan, kowane wata ya tashi sefa 6,250. A ce kuma kwalbar kakin roba jika 15 ce, ta ishe ka shafi huɗu, kowanne wata huɗu. Wata 16 ke nan, kowane wata bai kai jika ɗaya ba, sai ladan mai shafawa in ba da kanka za ka yi ba. Abin da bambancin ke saya maka shi ne hutu daga maimaitawa, da sauƙin wanki, da gugar da za a yi wa fentin kafin a shafa.

Akwai wani lissafin da ke tona asirin jabu. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Kwalbar seramik mai suna, wadda ta isa mota ɗaya, a Turai takan kama daga yuro 50 zuwa 100, wato jika 33 zuwa 66, kafin kuɗin jirgi da na duwan. Aikin shirya fentin kuma yini guda ne cur, wani lokaci biyu. To wanda ya ce zai yi maka seramik na shekara biyar a jika 10, cikin awa ɗaya, kana zaune kana shan shayi, me ya zuba a kwalbar? Araha ba ta ado.

Ka kuma je wurin mai fenti ka tambayi kuɗin sake fentin kapo da rufi, ka je kasuwar Katako ka tambayi kuɗin kwano da ƙarfen rumfa. Ka jera lambobin uku a takarda ɗaya. In motarka na yini a gida ba inuwa, rumfa ce ta farko. In kana shirin sayar da motar cikin shekara, wanki mai kyau da folish da kakin roba sun wadatar, domin mai saye a nan inji yake dubawa, da sanyin klim, da takardun duwan, da ko fentin na kamfani ne. Takardar shaidar seramik ba ta cika ƙara wa ciniki komai ba.

Seramik ya cancanci kuɗinsa ga wanda motarsa sabuwa ce ko bernin na da rai sosai, zai riƙe ta shekara uku ko fiye, yana da inda zai ajiye ta a inuwa, kuma shi ke da iko da yadda ake wanke ta. Ɗan hanyar Tawa ko Maraɗi kuwa gara ya sa leda a gaban motar kaɗai, wato bakin kapo, da parshok mai tare karo, da bayan madubai, sauran jikin ya bi shi da kakin roba. Kada a liƙa leda a kan fentin da aka sake in ba ka amince da ingancinsa ba, domin ranar cirewa tana iya tasowa da shi.

Mataki na 6: Zaɓi mai aikin, ka tsaya a kan aikin

Kafin ka miƙa makulli, ka nemi ganin kwalbar a rufe, a buɗe ta a gabanka. Ka dubi wurin aikin: yana da ƙofar da ake rufewa, ko fili ne a bakin titi? Seramik da aka shafa ƙura na sauka a kai, da ƙurar zai daskare. Ka nemi ganin motar da suka yi wa aiki bara, wadda aka gama jiya ba ta nuna komai. In sun ba da garanti, a rubuta, ka karanta sharuɗɗan, domin galibi sun ƙunshi irin sabulun da za a yi amfani da shi da dawowa dubawa duk shekara, kuma ba su shafi karce ko tsakuwa ba.

Aikin kansa ga yadda yake tafiya, ko kai za ka yi ko kallo za ka yi. Ana fara kwarara ruwa ya sauke ƙura kafin hannu ya taɓa jikin motar. Sai wanki da sabulun mota. Bayan nan ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa kapo: in ka ji gurji-gurji, akwai dattin da ya nutse a berni, ƙurar birki da ɗigon kwalta da makamantansu. Ana cire shi da wani yumɓun roba na musamman, ana fesa ruwan sabulu ana jan sa a hankali har wurin ya yi sumul.

Sai guga da inji, wadda ita ce ke cin yawancin lokacin da yawancin kuɗin. Ƙyallin da za ka gani a ƙarshe, gugar ce ta fito da shi, seramik rufe shi kawai ya yi. Duk karcen da aka bari, a ƙarƙashin maganin zai zauna. Amma guga tana cin berni, kowane zagaye na ɗauke wasu mikron, saboda haka ba abin maimaitawa ba ne duk shekara. Gwani yana da ɗan na'urar auna kaurin fenti, yana kuma sassauta hannu a kan gefuna da kusurwoyi inda fenti ya fi siranta. In ka ga mutum ya danna inji a wuri ɗaya har hannu ba ya iya taɓa ƙarfen don zafi, ka dakatar da shi.

Bayan guga ana goge jikin da alkol na isopropil da aka sirka da ruwa, don a cire maiƙon folish. In an tsallake wannan, maganin a kan maiƙo zai zauna, ba zai daɗe ba.

Shafin kansa a inuwa ake yi, ƙarfe na da sanyi. Yawancin kamfanoni suna son zafin wurin kada ya wuce digiri 30, saboda haka a Yamai lokacin da ya fi dacewa shi ne sanyin Disamba da Janairu cikin rufaffen wuri, ko kuma da sassafe bayan asuba. Ana ɗiga maganin a ɗan soso mai laushi, a shafa wuri kaɗan, kamar kamu ɗaya a tsaye kamu ɗaya a kwance, a ja layi a tsaye sannan a gicciye. A jira minti ɗaya zuwa ƴan mintuna gwargwadon abin da kwalbar ta ce, a zafinmu yakan fi haka sauri, sai a goge da tsumman mikrofiba mai tsabta, a bi da na biyu. A haska fitila a duba. Duk inda aka bar tabo mai duhu bai gogu ba, da ya daskare sai inji. Mai shafawa ya sa safar hannu, iska kuma ta riƙa ɗan shiga, domin warin ba na shaƙa ba ne. Tsumman da aka goge seramik da shi yakan ƙandare, kada a sake kai shi jikin fenti.

Daga nan motar ta yi awa 24 ba ruwa, ta yi mako guda ba sabulu. Wannan ne ya sa tsakiyar damina, Yuli da Agusta, ba lokacin wannan aiki ba ne ga wanda ba shi da gareji.

Kakin roba duk wannan tsarin yake bi, sai dai yana da yafiya: ana iya tsallake gugar inji, kuma in an yi kuskure wanki da sake shafi sun gyara.

Mataki na 7: Gyara wankin

Ka zauna da mai wanke maka mota, ko maigadi ne ko yaron unguwa, ka yi masa bayani cikin mutunci. Ka ce masa: "Ƙanena, don Allah kada ka ƙara goge ta a bushe. In babu ruwa, bar ta da ƙurarta." Zai iya ce maka: "To Alhaji, ai kunya nake ji ka fita da ita haka." Ka nuna masa karcen da fitilar waya, da idonsa ya gani zai gane. Sannan ka saya masa kayan aiki, domin ba daidai ba ne ka hana shi tsummansa ba ka ba shi madadi ba: bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma, tsumman mikrofiba uku ko huɗu, da sabulun mota na ruwa. Tsumman taya daban, kada ya kusanci fenti. Wanda ya faɗi ƙasa ya tafi wanki. In aikin ya ƙara masa lokaci, ka ƙara masa lada.

A fara da ruwa, a wanke daga sama zuwa ƙasa, hannu na tafiya a miƙe ba a zagaye ba. A yi da safe ko da yamma, a inuwa, a tsane ruwan nan take kafin ya bushe da kansa. Omo da sabulun wanke kwanuka suna cire kaki da kakin roba cikin wanki kaɗan, seramik ma suna rage masa santsi. Kashin tsuntsu kada ya kwana: a jiƙa tsumma a ɗora a kai minti biyu ya yi laushi, sannan a ɗauke, kada a kankare. Mai rufe mota da bash ya tabbata motar a wanke take, domin in akwai ƙura a ƙasa, iska na kaɗa bash ɗin yana gurzar fenti dare guda.

Duk wata biyu ka yi gwajin ruwa. Bayan wanki, ka zuba kofi ɗaya a kan kapo. In ruwan ya dunƙule ya gangara, maganin na nan. In ya kwanta ya baje, kada ka yi saurin cewa ya ƙare, sau da yawa gishirin ruwa da datti ne suka rufe shi. Ka sake wankewa da kyau da sabulun mota, in akwai fararen ɗige-ɗige ka goge su da ruwan kal da aka sirka rabi da rabi da ruwa, ka ɗauraye, ka sake gwadawa. In har yanzu ruwan na kwanciya a kapo da rufi amma yana dunƙulewa a ƙofofi, to na saman ne rana ta cinye. Waɗannan wuraren kaɗai za ka sake wa shafi, ƙofofin su jira nasu lokacin.